Giyar Hannu Ta Ƙi Ɓacewa Daga Kasuwar Motocin Gudu

Batun wace giya ta fi sauri ya daɗe da zama tarihi. Tun a 1989, da Nigel Mansell ya lashe tseren Formula 1 na Brazil cikin motar Ferrari wadda ake sauya mata giya da 'yan madannai a bayan sitiyari, aka san na'ura ta riga ƙafa da hannu. Direba ba ya taka kuloci, ba ya sakin sitiyari, giya kuma na shiga cikin ƙiftawar ido. A 1997 Ferrari ta sauko da fasahar kan titi a motar F355, daga bisani ita da Lamborghini suka yi watsi da giyar hannu.

Porsche ta bi sahu, amma ba ta ji da daɗi ba. Da ta fitar da 911 GT3 a 2013 babu giyar hannu, masu saye suka yi ta ƙorafi. A 2016 ta ƙera 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal, nan take dillalai suka riƙa sayar da ita ninkin farashinta. Shekara guda bayan haka giyar hannu ta dawo GT3.

Ashe mai zuba wannan kuɗi ba daƙiƙa yake saye ba, daɗin sarrafa mota da kansa yake nema. Sai dai ƙa'idojin hayaƙi na Turai suna ƙara matsa wa kamfanoni, motar lantarki kuwa galibi giya ɗaya ta ishe ta. Ko Corvette ta Amurka, tun samfurin 2020 babu mai kuloci.