RA'AYINMU: Samir Amin da Darasin Dalar Gyaɗa

A ran 12 ga watan Agusta, 1918 ba a san shi ba, domin sai a 1931 aka haife shi a Alƙahira. Amma a ran 12 ga watan Agusta, 2018, sa'ad da Shaihun Malami Samir Amin ya rasu a birnin Faris, Afirka ta san ta yi rashin ɗaya daga cikin manyan masananta na tattalin arziki. Wannan mujalla tana ganin wajibi ne ɗalibai su san mutumin, su kuma san tambayar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, watau me ya sa ƙasashenmu suke noma, suke haƙar ma'adinai, amma talauci bai sake su ba?

Bayan ya gama digirinsa na uku a Faris a 1957, ya yi aiki a Masar, sa'an nan ya zama mai ba Gwamnatin Mali shawara kan tsare-tsaren raya ƙasa daga 1960 zuwa 1963. Daga 1970 zuwa 1980 ya shugabanci cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta horar da masu tsara tattalin arzikin Afirka da ke Dakar, kuma yana cikin waɗanda suka kafa CODESRIA a 1973, domin masana na Afirka su riƙa nazarin Afirka da idonsu.

Amsar da ya bayar ita ce, ci baya ba wai makara muka yi a hanyar da Turai ta bi ba. A'a, arzikin manyan ƙasashen jari-hujja da talaucin namu tagwaye ne, ciki ɗaya ya haife su. A wata maƙala ta 1972 ya kasa Afirka ta zamanin mulkin mallaka kashi uku: yankin Kwango, inda aka damƙa ƙasa a hannun kamfanoni, Gabas da Kudu, inda aka mai da jama'a rumbun lebura, da kuma Afirka ta Yamma, inda aka bar manomi a gonarsa, amma aka ɗaure shi da noman abin da Turai take bukata.

Mutumin ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi dogo zuwa Ikko, dala ta tashi har ta zama abin alfahari. Amma farashi ba a hannun manomi yake ba, kuma yawancin ribar sarrafawa can ƙetare ta tsaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Dalar ta ɓace, man fetur ya maye gurbinta, aka shafe shekaru ana fitar da ɗanye ana sayo tatacce.

Tun a 1967, lokacin da ake yi wa Kwaddibuwa kirari saboda kuɗin koko da kofi, Samir Amin ya yi gargaɗi cewa bunƙasar ciniki daban, ci gaban ƙasa daban. Da farashi ya faɗi, sai ga ƙasar ta dakatar da biyan bashinta na waje a 1987. Maganin da ya kawo ba rufe iyakoki ba ne, kamar yadda wasu suka zarge shi. Cewa ya yi a fara da bukatun cikin gida, watau abinci da masana'antu da aikin yi, sa'an nan a daidaita hulɗa da waje bisa gare su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba mu ce duk abin da ya faɗa yankan wuƙa ne ba. Masu suka sun kafa hujja da Koriya ta Kudu, wadda ta yi arziki ta hanyar sayar da kaya a kasuwar duniya. Hujja ce mai nauyi, ko da yake gwamnatin ƙasar ta raba wa manoma filaye, ta kuma kāre masana'antunta. Irin wannan muhawara ce ta dace da jami'a.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman na sassan tattalin arziki da tarihi da aikin gona, da su nemi littattafansa su karanta, su kuma gwada ra'ayoyinsa da abin da yake faruwa a kasuwar Dawanau da gonakin auduga na Funtuwa. Muna kuma roƙon hukumomin jami'a su sa ayyukansa cikin manhaja. Ɗaliban yau su ne za su zauna a teburin karɓar bashi gobe, kuma wanda bai san yadda dalar gyaɗa ta tashi ta faɗi ba, babu wuya a sake gina masa wata.