Yaƙin Gada, Amma Babu Gada

Fim ɗin Braveheart na 1995 ya lashe kyautar Oscar biyar, amma har yau masana tarihi ba su huce ba. A 1297, wata siririyar gada a Stirling ce ta ba William Wallace, wanda fim ɗin ke ba da labarinsa, nasara: ya bari wasu sojojin Ingila suka haye, sannan ya far musu. A fim ɗin kuwa, babu gada babu kogi, sai fili fetal.

An kuma ƙaƙaba masa soyayya da Gimbiya Isabella, alhali lokacin da aka kashe shi a 1305 yarinya ce ƙarama a Faransa.

Ƙarin gishiri halal ne a fim, amma wannan ya wuce gona da iri, domin masu kallo da yawa sun ɗauke shi tarihi.