Kas ɗin tele: kunnen baba ya dace da shi, ba na yaro ba

A gidaje da yawa ɗakin da tele take nan ne yara ke shimfiɗa kayen lakwal bayan isha'i, don nan fitila ta fi haske. Baba na kallon ƙwallo a Canal+, mai sharhi na ihu, ɗiyar da BEPC ke gabanta tana fama da lissafi. Gobe malami ya ce ba ta da ƙoƙari.

Shi ya sa nake goyon bayan magidanci ya sayi kas marar waya, abin nan da ake sawa a kunne, ya haɗa da tele. Aikin ba wuya. In telen sabuwa ce mai Bluetooth, a danne maɓallin kas har fitilarsa ta fara ƙyaftawa, a shiga Paramètres, sai Son, a zaɓi sunansa. In tsohuwa ce, akwai ɗan akwati mai tura sauti da ake soka wa a ramin kas na milimita 3.5 ko a ramukan nan ja da fari na baya, ya sha wuta daga USB. Yana kaiwa wajen mita 10, bango na rage shi. A gwada a shago kafin a biya, domin wasu masu arha murya na makara, baki ya motsa sannan magana ta biyo.

Inda na rabu da wasu iyaye shi ne da suka mayar da kas na yara, wai don gida ya yi shiru. Tele da yawa suna kashe lasifikarsu da zarar an haɗa kas. Uwa tana madafa, da can kunnenta na gaya mata irin fim ɗin da aka kunna, ta ɗaga murya a canza. Yanzu me za ta ji? Telen kuma mai intanet ce, da YouTube a ciki.

Ga kuma kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. Yaro ba ya auna komai, ƙarawa yake har ƙarshe, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Malamai, ɗalibin da kullum sai an maimaita masa magana, ku tambayi iyayensa me yake sawa a kunne da dare kafin ku ce taurin kai ne.