Tauraron sama ba ya maye ƙafar malamin gona

Kowane manomi na Matameye ya san hatsi mai jin yunwa. Ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, daga baya abin ya hau sama, kara ya tsaya siriri. Masana sun ce abincin da ya rasa sunansa azot, shi ne ke cikin takin ure da kashin dabbobi. Tambayar da ke gaban ma'aikata yau ita ce: wa za a dogara gare shi wajen gane wannan yunwa, tauraron ɗan Adam ko mai awo cikin gona?

Kada a raina tauraro. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai cikin 1974 ta daɗe tana bin damina da hotunansa. Hotunan sama kuma suka taimaka duniya ta gane yawan gawon da manoman Matameye, Magariya da Mirya suka raya cikin gonakinsu. Sentinel-2, wanda Turai ta fara harbawa cikin 2015, yana komowa kan gona kowane kwana 5, hotonsa kuma kyauta ne.

Amma ɗigo ɗaya na hoton nan fili ne mai mita 10 a kowane gefe. Cikinsa akwai ramin hatsi kusan 100, in an bi tazarar da malaman gona ke horo da ita, ga wake a tsakani, ga gujiya, ga rairayi mai haske. Tauraro yana haɗa su duka ya ba da launi guda. Wake mai kore shar yana iya rufa asirin hatsin da ke ramewa kusa da shi. In gonar ta yi fari, ba zai faɗa maka ko rashin taki ne, ko ƙuduji, ko ruwa ne ya ɗauke ba. Ga kuma hadarin watan Agusta, wanda kan rufe idonsa daidai lokacin da ake bukatar zuba taki.

Na'urar hannu ita ko, ana maƙala ta ga ganye ɗaya, ta auna korensa nan take. Aibinta tsada da nawa: mutum guda ba ya zagaye gundumar Kance kafin hatsi ya yi bununi. Duk da haka mai riƙe da ita yana ganin ƙudujin, yana tona ƙasa ya ji damshi, yana tambayar mai gona. Ya kuma tuna cewa rairayin ƙasarmu ya fi ƙarancin fosfor, in ba a gyara wannan ba ure ba ya biyan kuɗinsa.

Ra'ayinmu shi ne, hoto ya nuna wa ma'aikatan Damagaram garin da za a fara zuwa, amma kada a ce wa talaka ya ci bashin buhun taki sai malamin gona ya taka gonarsa. Mahukunta su tanadi babur da mai da na'urar awo tun watan Mayu, ƙungiyoyin manoma kuma su zaɓi matasan da suka yi yaƙi da jahilci su riƙa rubuta awon cikin littafi.