Tashi da Iyali Daga Bagudo Zuwa Jamhuriyar Benin: Hukuncinsa da Abin da Ke Jiran Magidanci a Can

Tambaya

A 'yan shekarun nan muna ganin wasu magidanta a yankinmu na Bagudo, Illo, Lolo, Tsamiya da Kaoje suna kwashe iyali su koma tsallaken iyaka, wajajen Segbana, Malanbil ko Kandi, wasu kuma daga can suna dawowa nan. Shin wannan tashi ya halatta? Me ya wajaba a kan maigida game da matarsa da 'ya'yansa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya yi maka rahama, asalin tashi daga gari zuwa gari don neman halali ko neman aminci halal ne, matuƙar za ka iya bayyana addininka a inda za ka koma. Suratun Nisa'i, daga aya ta 97 zuwa ta 100, ta nuna yalwar ƙasar Allah, ta kuma zargi wanda ya zauna inda aka hana shi addini alhali yana da ikon fita. Sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha suka zauna ƙarƙashin Najjashi saboda adalcinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya tashi da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu a 1804. Arewacin Benin kuwa ƙasa ce mai yawan Musulmi, ana kiran salla ana Juma'a a fili. Saboda haka halaccin ba shi da ruɗani. Inda magidanta ke tuntuɓe shi ne zaton da suke yi cewa tun da dangi ɗaya ne, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, to doka ma ɗaya ce. Da zarar ka ƙetare da iyali, dokar da ke kan aurenka da gonarka da karatun 'ya'yanka ta canza, kuma idan ka yi sakaci, mace da yara ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Abin da ke tayar da mutane yanzu

Wannan iyaka Turawa suka shata ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba ƙasar Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Tun kafin nan fataken Gwanja suna ƙetare Kwara ta wannan yanki su bi ta Kandi su nufi Salaga sayen goro. Shi ya sa har gobe Dandawa, Kyangawa, Busawa, Fulani da Hausawa ke da 'yan'uwa a ɓangarorin biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan abu uku ne. Na farko kuɗi. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai na yuro a kan farashi tsayayye, don haka mai samun sefa ya ga kuɗinsa sun yi auki idan ya canza, mai rayuwa da ɗaukar fetur zuwa tsallake kuma ribarsa ta ragu ƙwarai.

Na biyu rufe iyakoki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ta fara buɗe wasu a Disambar 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, harkar sufuri da dako ta rikice a duk yankin, daga bisani Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Wanda ya bar rabin iyalinsa a wani ɓangare ya ga yadda sanarwa ɗaya ke iya raba shi da su.

Na uku tsaro. A Kebbi ana fama da Lakurawa, waɗanda harinsu a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024 ya girgiza jihar. A Benin kuma jihar Alibori, wadda Segbana da Malanbil da Kandi ke cikinta, ita ma tana fama da masu ɗauke da makamai daga wajajen gandun dajin W. A Afrilun 2025 gwamnatin ƙasar ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a hare-haren rana ɗaya. To kada ka gudu daga zafin rana ka faɗa wuta. Malamai sun sharɗanta amincin hanya da amincin masauki kafin miji ya ɗauki matarsa, kuma binciken wannan a wuyanka yake, gari da gari.

Izinin shiga daban, izinin zama daban

Najeriya da Benin duk suna cikin ECOWAS. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ɗayar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, da sharaɗin ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin riga-kafi. Wanda zai wuce haka da niyyar zama, sai ya nemi takardar zama daga hukumar ƙasar. Ko a Tarayyar Turai, inda aka ɗauke shingaye tsakanin ƙasashe da dama, ƙasar da mutum ya koma tana da ikon neman ya yi rajista idan zamansa ya wuce wata uku.

Neman waɗannan takardu yana cikin amanar da ke kanka. Farkon Suratul Ma'ida ya yi umarni da cika alƙawura, wanda ya shiga ƙasa da izinin mahukuntanta kuwa ya shiga ne da alƙawarin kiyaye tsarinsu cikin abin da ba saɓon Allah ba. Kada ka sayi takardar haihuwa ta ƙarya, kada ka sa wani ya rantse cewa a can aka haife ka alhali a Illo aka yanke cibiyarka. Wannan shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai, kuma ranar da asiri ya tonu 'ya'yanka ne za su rasa makama.

Haƙƙin matarka

Aya ta 6 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji samar wa mace masauki gwargwadon ikonsa ba tare da cutarwa ba. A mazhabar Malikiyya miji yana da damar tafiya da matarsa idan shi amintacce ne a kanta, hanya da garin suna da aminci, labarinta ba zai yanke daga danginta ba, kuma ya biya sadakin da ya wajaba a biya nan take. Idan an yi sharaɗi lokacin ɗaurin aure cewa ba za a fitar da ita daga garinsu ba, Hambalawa suna ganin cika shi wajibi ne, Malikawa kuma suna ganin abin so ne. Ko ta wace fuska, ka shawarce ta tun kafin ka sayar da ko akuya ɗaya. Kada ka kai ta gidan wani ɗan'uwa ku raɓe da sunan kafin a samu wuri. Ka fara zuwa kai kaɗai, ka samu ɗaki da sana'a, sannan ka dawo ka ɗauke su.

Ga babban abin da da yawa ba su sani ba. Kebbi tana da kotunan Shari'a masu hukunci a kan aure da saki da gado. Benin kuwa, bisa dokar iyali ta 2004, auren da aka ɗaura a gaban jami'in gwamnati ne kaɗai doka ta sani, mace ɗaya kaɗai take amincewa da ita, kuma tana raba gado daidai tsakanin ɗa da 'ya. Aurenku na masallaci ingantacce ne a wurin Allah, amma idan rigima ta kai kotun can, wadda ba ta da takarda za ta wahala kafin a saurare ta, uwargida ce ko amarya. Saboda haka ka tafi da takardar shaidar aure daga kotu ko hukumar da ta dace a gida, ka rubuta abin da kowace mace ta mallaka da abin da take bin ka, shaidu su sa hannu. Ki sani ke ma, 'yar'uwa, neman wannan rubutu haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Haƙƙin 'ya'ya

Kowane yaro ya tafi da takardar haihuwarsa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin riga-kafinsa. Wanda aka haifa a can a yi masa rajista a ofishin magajin gari da wuri, a rubuta sunanka a matsayin uba. Karatun boko a Benin da Faransanci ake yi, a nan da Ingilishi, don haka yaron da ya yi nisa zai iya komawa baya da aji ɗaya ko fiye. Idan ya kusa jarrabawar ƙarshe, barinsa wurin amintaccen ɗan'uwa ya kammala ya fi. Karatun allo da Islamiyya kuwa kada ya yanke ko na wata ɗaya.

Idan kun rabu da uwar yaran, a Malikiyya ita ke da haƙƙin reno. Tashin da uba zai yi na zama yana ba shi damar ɗaukar yaro ne kawai idan nisan ya kai baridi shida, kimanin kilomita 120, tare da amincin hanya da masauki, kuma idan uwar ta koma garin ita ma, renonta na nan. Ƙetare iyaka kaɗai ba ya sarayar da haƙƙinta. Daga Lolo zuwa Madekali ai taku kaɗan ne. Wanda ya sulale da yaro cikin dare ya yi zalunci. Alƙali ake kai wa irin wannan magana.

Bashi, gona da dabbobi

Mai bin ka bashin da lokacinsa zai cika ba ka nan yana da ikon hana ka tafiya har ka biya ko ka kawo mai lamuni. Bashin naira da naira ake biya, na sefa da sefa. Idan kun yarda a biya da ɗayan, to a kan farashin ranar biya, hannu da hannu kafin ku rabu. Idan iyayenka na raye kuma suna bukatarka, izininsu na gaba da ribar kasuwa.

Kada ka sayar da gonar gado ka dogara da sayen wata a can. Dokar filaye ta Benin ta 2013 ta keɓe sayen ƙasar noma ta karkara ga 'yan ƙasa. Baƙo haya ko aro yake samu. Ka rubuta yarjejeniyar a gaban mai gari. Makiyayi kuma ya sani tun Disambar 2019 Benin ta hana shigowar garken shanu daga ƙetare don kiwo, kada ya kora dukiyarsa bisa al'adar da ya gada ba tare da ya tambayi hukuma ba.

Ibada a sabon mazauni

Ƙasaru da nisa take tafiya, ba ruwanta da shingen kwastan. A Malikiyya sai tafiya ta kai baridi huɗu, mil 48, kimanin kilomita 80. Da ka isa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku ko fiye, sai ka cika salla. Mai gida biyu, ɗaya a Bagudo ɗaya a Kandi, yana ƙasaru a hanya idan nisan ya kai, amma da ya shiga garin da matarsa da ya tare da ita take zaune, sai ya cika. Azumi da Idi kuwa ka bi jama'ar garin da kake. Kada ka ware iyalinka kuna salla ku kaɗai don ka ji sanarwar Sarkin Musulmi a rediyo alhali mutanen garin suna azumi. Zakka a raba ta inda ta wajaba ko kusa da shi, sai dai idan bukatar wani wuri ta fi tsanani.

Da ka sauka, ka gai da mai gari da liman, ka gabatar da kanka ga hukuma, ka koyi Dandanci ko harshen mutanen wurin. A lokacin da ake zargin kowace baƙuwar fuska, wanda aka san shi a sahun Asuba ya fi samun mai tsaya masa. Kada ka saukar da wanda ba ka san asalinsa ba, kada ka ɗauki saƙon da ba ka san abin da ke ciki ba. Ku kuma mutanen Bagudo da kewaye, wanda ya taso daga Benin ya sauka cikinku yana da haƙƙin maƙwabtaka da na Musulunci. Kada a tsauwala masa haya don an ga ya matsu, a kuma nuna masa ofishin shige da fice ya daidaita zamansa.

Idan waɗannan sharuɗɗa sun cika, ka yi istihara, ka shawarci masana, ka tafi da yardar Allah. Idan akwai wanda bai cika ba, musamman aminci da masaukin iyali da takardun yara, to ka dakata har ya cika.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa albarka a neman kowa. Allah ne Mafi sani.