Darasin jinkirin Ubuntu ga masu gaggawar ƙaddamar da manhaja

A ranar 29 ga Maris 2024, injiniyan Microsoft Andres Freund ya bankaɗo wata ɓarauniyar hanya da aka dasa cikin xz, manhajar matse bayanai a Linux, tsarin kwamfuta da kowa ke iya duba cikinsa. Kamfanin Canonical ya ɗage samfurin gwaji na Ubuntu 24.04 da mako guda, ya sake gina manhajojinsa, sannan cikakken tsarin ya fito ranar 25 ga Afrilu.

Ɗan kasuwar Manga da ma'aikacin Zuru na da ruwa da tsaki, domin a kan Linux aka gina Android ɗin wayoyinsu, kodayake matsalar ba ta taɓa su ba. Hukumomin da ke tsayar da ranar ƙaddamar da manhajar albashi kafin kammala gwaji su lura: jinkirin mako guda ya fi kutse cikin asusun jama'a sauƙi.