Gara Ta Ci Rabonta, Ina Na Wanda Ya Nakasa?

A ƙasar nan, idan birkila ya faɗo daga bene ya karya ƙashin baya, kowa ya san abin da zai biyo baya. Mai ginin zai leƙo asibiti sau ɗaya, ya cusa ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin filo, ya ce "ƙaddara ce, Allah ya ƙara sauƙi." Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa. Uwargida ta sayar da gado da kujerun aurenta, ɗan fari ya bar makaranta ya kama tura baro. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa goge haƙƙi ba.

Haƙƙin kuwa a rubuce yake. Tun 2010 aka kafa dokar diyyar ma'aikata, aka ɗora wa asusun NSITF nauyin biya. Duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba tare da ya taɓa ko kwabo na ma'aikaci ba. Wanda rauni ya nakasa baki ɗaya, dokar ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wa ya taɓa gaya wa lebura mai sauke buhuna a kasuwar Dawanau wannan magana?

Ko ya ji ma, ga tarkon da ke gabansa. Cikin kwana 14 ake so ya sanar da ubangidansa, shi kuma ubangidan ya kai rahoto cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya kafin shekara ta cika. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala ka ga mutum kwance, an huda cinyarsa da ƙarafa, ƙanensa na kwana a baranda yana lissafin kuɗin allura. Wannan ne zai riƙa ƙirga kwanaki? Sannan an rataya komai a wuyan ubangida, mutumin da mai yiwuwa bai taɓa zuba sisi a asusun ba. Kai rahoto a wurinsa tona wa kansa asiri ne. An ba kura ajiyar nama, ana mamakin shiru. Ɗan acaɓa da makaniki da mai faci kuwa, waɗanda ba su taɓa ganin takardar albashi ba, da wuya ma a sako su cikin lissafi.

Za a ce ai akwai dokar masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Akwai ta. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da shekara biyar a gyara gine-gine don mai keken guragu ya iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024, har yau ana ɗaukar mutane cak a haura da su matakala. Dokar ba ta tanadi alawus na wata-wata ba. Alhali Jigawa tun zamanin Gwamna Sule Lamido ta fara biyan naira 7,000 duk wata. Abin da jiha ɗaya ta iya, me ya hana Tarayya?

Kada wanda ya ce mana babu kuɗi. A 2022 jaridu suka ruwaito cewa jami'an NSITF sun shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa wai gara ta cinye takardun kashe sama da naira biliyan 17. Mai rauni ya rasa takarda ɗaya, a ce fayil ɗinsa bai cika ba. Su takardun biliyoyi sun salwanta, an tashi taro lafiya.

A ba mai rauni da iyalinsa damar kai ƙorafi kai tsaye, ko ubangida ya so ko ya ƙi. A gurfanar da kamfanin da ya ƙi yin rajista, a buga sunansa kowa ya gani. A shigar da masu sana'ar hannu ta hanyar ƙungiyoyinsu, tunda kullum ana karɓar kuɗin tikiti a hannunsu. Kai kuma ma'aikaci, tun ƙafarka na ɗaukarka, tambayi ubangidanka gobe da safe ko ya yi maka rajista. In ya fara kame-kame, ka kai maganar ƙungiya.